Wutar da Aka Hura wa Baƙi a Bakin Ruwa

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:39 zuwa 28:10

   Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Wanda ba ya iya karatu, kada ya damu, zan ba da labarin dalla-dalla.

Yau za mu yi magana a kan jiragen ruwa da suka fashe, da mutanen da suka fito daga ruwa ba su da komai, da kuma waɗanda suka tarye su a bakin gaɓa. Labari ɗaya yana cikin Littafi Mai Tsarki. Sauran biyu sun faru a kan kogin Kwara, a ƙasarmu, kafin Turawa su kafa mulkinsu. Tambayar da nake so mu riƙe tun daga farko ita ce: idan ruwa ya jefo baƙo a ƙofar gidanka, me zai faɗa game da kai ranar da ya koma gida?

Abin da ya faru a Malita

Wajen shekara ta 60 bayan haihuwar Almasihu, aka ɗauki manzo Bulus daga Kaisariya za a kai shi Roma ya tsaya a gaban Kaisar. Ɗan sarƙa ne, yana hannun wani jarumin soja mai suna Yuliyas. Luka likita, wanda ya rubuta littafin, yana tare da shi, haka ma Aristarkus mutumin Tasalonika. A Mira suka shiga wani babban jirgi na Iskandariya mai ɗauke da alkama. Da suka isa tsibirin Karita, lokacin tafiya a teku ya riga ya yi haɗari. Bulus ya ba da shawara a dakata. Jarumin ya fi yarda da maganar matuƙin jirgin da mai jirgin, suka tashi.

Ba su yi nisa ba sai guguwa ta auka musu. Suka zubar da kaya, suka zubar da kayan aikin jirgin, kwana da kwanaki ba rana ba taurari, har suka fid da zuciya ga rayuwa. A dare na goma sha huɗu matuƙan suka ji alamar ƙasa ta yi kusa. Suka gwada zurfin ruwa suka sami gaba ashirin, suka ƙara gwadawa suka sami gaba goma sha biyar. Suka saki anka huɗu, suna ta fatan gari ya waye. Bulus ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, ya ci, ya kuma roƙe su su ci. Luka ya ƙirga mutanen da ke cikin jirgin: 276.

Da gari ya waye suka nufi gaɓa, amma jirgin ya kafe a yashi, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa. Sojoji suka so kashe 'yan sarƙa don kada wani ya tsere, jarumin ya hana su saboda Bulus. Masu iya iyo suka fara faɗawa ruwa, sauran suka bi a kan katakai da tarkacen jirgin. Ba wanda ya mutu ko ɗaya.

To, ka tsaya ka dubi wannan taro da idon mutumin tsibirin. Ka tashi da sassafe, ana ruwan sama, ana sanyi, sai ka ga mutum kusan ɗari uku suna fitowa daga teku. A cikinsu akwai sojojin Roma, wato sojojin masu mulkin ƙasarka. Akwai kuma 'yan kurkuku, ba ka san laifin da suka yi ba. Ba ka jin harshensu. Abincin da ke rumbunka na iyalinka ne, ga damina da sanyi a gaba. Mai hankalin duniya zai ce ka rufe ƙofa, ko kuwa ka tafi bakin ruwa ka tsinci abin da teku ta kawo.

Mutanen Malita ba su yi haka ba. Luka ya shaida cewa alherin da suka yi musu ya wuce na yau da kullum. Suka hura wuta, suka karɓe su duka, ba su ware soja daga ɗan sarƙa ba. Shugaban tsibirin, Babiliyas, ya sauke su kwana uku. Bulus ya yi wa mahaifinsa addu'a, wanda ke kwance da zazzaɓi da atuni, ya warke, sauran marasa lafiya ma suka zo suka warke. Bayan wata uku, da za su tashi, mutanen tsibirin suka yi musu guzurin duk abin da suke bukata. Har wa yau mutanen ƙasar Malta suna hutu ranar 10 ga Fabrairu kowace shekara don tunawa da fashewar wannan jirgi.

Akwai wata kalma a sura 28 aya 2 da nake so ku lura da ita. Kalmar da Luka ya kira mutanen tsibirin da ita a Helenanci, ita ce wadda Helenawa ke kiran duk wanda ba ya jin Helenanci, wanda maganarsa ke zama musu kamar surutu kawai. Daga baya kalmar ta ɗauki ma'anar mutumin da bai waye ba. Mu da muka tashi da Alago, ko Jukun, ko Tibi, ko Eggon, ko Migili, ko Gwandara a bakinmu, mun san irin wannan suna. An kira iyayenmu arna, an kira mu ƙauyawa, an yi wa harshenmu dariya a kasuwa da makaranta. Ga shi kuwa irin waɗannan mutane ne Allah ya ajiye a bakin ruwa don su ceci ran manzon al'ummai. Ba majami'a suka fito ba. Ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Amma da hannunsu aka hura wutar.

Jirgin da ya fashe a Jebba

Yanzu mu baro teku mu dawo gida. A shekara ta 1854 wani jirgi mai tafiya da tururi, sunansa Pleiad, ya shigo Kwara, ya juya ya hau Binuwai, ya bi ta kudu da mu. Shugaban tafiyar wani likita ne ɗan Sikotilan, William Baikie. Tare da shi akwai wani fasto Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther. A rubuce-rubucen wannan tafiya an ambaci Doma da Keana. Shan kwinin da suka riƙa yi ya sa ba Baturen da zazzaɓi ya kashe a tafiyar, alhali a tafiyar 1841 zazzaɓi ya kashe da yawa.

Wane ne Crowther? An haife shi a Osogun a ƙasar Yarbawa. Yana yaro, a 1821, mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har aka sa shi a jirgin bayi na 'yan Fotugal. A 1822 sojojin ruwa na Ingila suka tare jirgin, suka kai waɗanda ke ciki Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, aka naɗa shi fasto a 1843. Wato shi kansa mutum ne da aka tsamo daga teku ba shi da komai, baƙi suka rene shi.

A 1857 Baikie da Crowther suka sāke shigowa da wani jirgi mai suna Dayspring, ma'anarsa ketowar alfijir. Suka ajiye Fasto John Christopher Taylor a Onica don ya fara aikin bishara. Suka haura ƙasar Nufe, suka gana da Usman Zaki da Masaba, masu sarautar Nufe a wancan lokaci, a Bida. Suka wuce Raba, babbar mafitar fatake masu ƙetare Kwara zuwa Ilori. Ranar 7 ga Oktoba 1857, kusa da Jebba, inda ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu, jirgin ya bugi dutsen da ke ɓoye cikin ruwa. Ya fashe, ba gyara.

Ka yi tunanin halin da suka shiga. Ga su nesa da teku, tafiyar ɗaruruwan mil. Ba waya, ba mota, ba hanyar jirgin ƙasa. Wanda zai kai labari Ikko sai ya bi ta ƙasa da ƙafa ko a kan doki. Ƙasar kuwa ta daɗe cikin yaƙin sarauta, cinikin bayi kuma yana ci. Da mutanen bakin kogin sun so, da sun kwashe kayan, sun kama Afirkawan da ke cikin jirgin sun sayar, ba mai tambaya.

Amma abin da waɗanda suka tsira suka ba da labari dabam ne. Mutanen wurin suka zo da kwalekwalensu suka taimaka aka fitar da mutane da abin da ya samu na kaya. Ba ran da ya salwanta a haɗarin. Suka kafa zango a bakin kogin, suka yi bukkoki, suka riƙa samun abinci daga hannun mutanen ƙasar. Ba kwana uku suka yi ba, ba wata uku ba. Kusan shekara guda suka zauna, sai a 1858 wani jirgi mai suna Sunbeam ya iso.

Akwai wani babban dutse a tsakiyar kogin a Jebba da Nufawan wurin ke girmamawa, suna ce masa Ketsa, suna ganin mazaunin wani iko ne. Wasu suka danganta haɗarin da fushinsa. Wannan ya tuna mini da mutanen Malita. Da maciji ya fito daga itacen da Bulus ya tara ya maƙale masa a hannu, suka ce lalle mai kisankai ne, alhaki ne ya biyo shi. Da suka ga bai kumbura ba, bai faɗi ba, suka juya suka ce allah ne. Duka biyu sun yi kuskure. Amma ku lura, kuskuren fahimtarsu bai kashe wutar da suka hura ba. Mutum yana iya rashin sanin Allah na gaskiya, duk da haka Allah ya sa jinƙai a zuciyarsa. Bulus da kansa ya koyar a Romawa 2:14-15 cewa al'ummai marasa Shari'a suna da lamiri mai yi musu shaida.

Me Crowther ya yi da wannan shekara? Bai zauna yana kukan jirgi ba. Ya shiga cikin mutane, ya zauna da masu fito da fatake da malamai, yana tattara kalmomin Nufanci, yana kai da kawowa zuwa Raba. Labarin da ya rubuta kullum aka buga shi a Landan a 1859 tare da na Taylor, a littafi mai suna The Gospel on the Banks of the Niger. A 1864 aka buga littafinsa na nahawu da kalmomin Nufanci. A wannan shekara kuma, ranar 29 ga Yuni, aka naɗa shi bishop a Kantabari, Ba'afirke na farko da ya riƙe wannan matsayi a ikkilisiyar Angilikan. Baikie kuwa bai koma gida da sauri ba. Ya zauna a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja take, ya yi ta jinyar mutane, ya je har Kano a 1862, ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ya rasu a Saliyo a 1864, aka buga Zaburarsa ta Hausa a 1881. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, da wahalar mutane da yawa, amma waɗannan suna cikin masu share hanya.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, Littafin da ke kan cinyarka yanzu yana da alaƙa da wasu masu kwalekwale da ba mu san sunansu ba. Da sun bar baƙin nan ruwa ya ci su, da tarihin bishara a bakin kogunanmu ya bi wata hanya dabam.

Bature ɗaya, tarba biyu

Kada wani ya ce kowane labari haka ya ƙare da daɗi. Shekara hamsin kafin haɗarin Jebba, wani ɗan Sikotilan mai suna Mungo Park ya halaka a kan wannan kogi. A tafiyarsa ta farko, a 1796, ya isa kusa da Segu a ƙasar Mali ta yau, ba shi da komai, ga yunwa, ga hadari ya haɗo, ba wanda ya yarda ya sauke shi. Wata mace tana dawowa daga gona ta gan shi zaune a gindin itace. Ta kai shi ɗakinta, ta gasa masa kifi, ta shimfiɗa masa tabarma. Shi da kansa ya rubuta wannan, bai manta ba.

A tafiyarsa ta biyu ya sauko kogin a cikin jirgi, da bindigogi. A wurare da yawa ya ƙi sauka ya gaida masu ƙasa, ya yi ta harbin waɗanda suka matso kusa. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka yi faɗa da mutanen gaɓa, shi da Turawan da suka rage suka faɗa ruwa suka nutse. Labarin ya fito ne ta bakin jagoransa, Amadi Fatuma, wanda ya rabu da shi a Yawuri. Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin ruwan tafkin Kainji tun 1968.

Mutum ɗaya ne, kogi ɗaya ne. Ranar da ya zo hannu wofi ya sami uwa. Ranar da ya zo da yatsa a kan kunamar bindiga ya sami kabari a ruwa. Wannan gargaɗi ne ga baƙo. Bulus bai sauka a Malita da girman kai ba. Manzo ne, ya kuwa tashi ya shiga tara itace kamar kowa.

Abubuwa uku da za mu riƙe

Na ɗaya: Allah yana da ma'aikata waɗanda ba a rubuta sunansu ba. Ku lura, wanda aka ceta shi ne kullum mai alƙalami. Mun san sunan Bulus, da Luka, da Yuliyas. Mun san Baikie da Crowther. Har sunan jiragen mun sani. Amma wa ya san sunan wanda ya fara kawo garwashi a Malita? Wa ya san sunan mai kwalekwalen da ya fara isa wurin jirgin a Jebba, ko macen da ta gasa kifi a Segu? Littattafan duniya sun tsallake su. Ubangiji Yesu kuwa ya nuna mana a Matiyu 25:31-46 cewa a ranar shari'a zai yi tambaya a kan mayunwaci, da mai ƙishi, da baƙo, da huntu, da mara lafiya, da ɗan kurkuku, zai kuma lasafta abin da aka yi musu kamar shi aka yi wa. Mama, ke da kike ƙara ruwa a miya don baƙon dare ya samu, ba wanda zai kira sunanki a taron ikkilisiya, amma akwai littafin da aka rubuta shi a ciki.

Na biyu: alheri ba ciniki ba ne. Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta da daɗi. Mutanen Malita sun ga ladan alherinsu nan da nan, marasa lafiyarsu suka warke. Nufawa fa? Shekara arba'in bayan sun ciyar da baƙin Jebba, a Janairu 1897, sojojin kamfanin Royal Niger suka zo da manyan bindigogi suka ci Bida da yaƙi. A 1900 Lugga ya kafa hedkwatar mulkin Arewa a Jebba ɗin nan. Wani hafsan da ke cikin jirgin da ya fashe, John Glover, shi ne daga baya ya yi mulkin Ikko, ya kuma kafa rundunar Hausawa a 1863, wadda ake lasafta ta tushen sojan Nijeriya. Wani zai ce, to, ka ga abin da karɓar baƙo ke jawowa. Na san wannan magana tana zuciyar mutane da yawa a ƙasarmu, waɗanda kakanninsu suka ba baƙo wurin zama, yau kuma ana jayayya da su a kan gona.

Ban zo in ce muku wannan zafi ƙarya ne ba. Ban kuma ce mutum ya zama wawa ba. Ubangiji ya koya mana mu haɗa wayo da tawali'u. Maganar gona da iyaka tana da wurin yinta, a gaban masu sarauta da hukuma, kuma daidai ne mu nemi hakkinmu. Amma mutumin da ruwa ya jefo, wanda ke rawar ɗari a ƙofarka da dare, ba a tambayarsa takardar kakansa. Laifin waɗanda suka rama alheri da mugunta yana wuyansu, za su ba da lissafi. Masu kwalekwalen Jebba ba su yi kuskure ba. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wani lokaci ba a idonmu yake mannewa ba, a wurin Allah ne.

Na uku: yau kai ne mai gida, gobe kai ne baƙo. Allah ya umarci Isra'ila a Littafin Firistoci 19:33-34 su ƙaunaci baƙo kamar kansu, dalilin da ya ba su kuwa shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Mu mutanen kudancin Nasarawa ba ma bukatar a fassara mana wannan. Mun ga rikicin 2001, lokacin da dubban mutane suka bar gidajensu a yankin Awe da Keana da Obi. Mun ga faɗan manoma da makiyaya a shekarun da suka biyo. Mun ga Binuwai ya cika ya cinye gonaki da gidaje a 2012 da 2022. A Yuni 2023 kuma jirgin ruwa ya kife a yankin Patigi, a ƙasar Nufe ɗin nan, da mutane masu dawowa daga biki, sama da ɗari suka rasu. Ba sai a teku jirgi ke fashewa ba. Wanda aka ƙone gidansa, jirginsa ya fashe. Gwauruwar da dangin miji suka kora, jirginta ya fashe. Yaron da ya tafi birni neman aiki ya dawo da jaka wofi, shi ma a kan katako ya iso.

Bari in ba ku shaidata. A 2001 ina saurayi, muka gudu da mahaifiyata da ƙannena biyu, da dare, ba takalmi. Gari ya waye mana a bayan wani ƙauye da ba mu san kowa ba. Muka hangi hayaƙi, muka matsa da tsoro. Wata tsohuwa ce tana dafa gishiri, Musulma ce, harshenta ba namu ba. Ta dube mu, ta gane ko su wane ne mu, ta kuma san abin da zai iya samunta idan aka gan mu a wurinta. Ta ce wa mahaifiyata, "'Yar nan, matso da yaran kusa da wuta." Ta dama mana kunu. Ta ɓoye mu kwana biyu a ɗakin da take ajiye gishiri, ɗanta ya raka mu har inda muka sami mota. Mahaifiyata ta kwance bakin zane za ta ba ta ɗan abin da ya rage, tsohuwar ta ce, "Ajiye, Allah ne ya aiko ku." Ban sāke ganinta ba. Na yi makarantar Littafi Mai Tsarki, na yi wa'azi a wurare da yawa, amma duk lokacin da na karanta Ayyukan Manzanni 28, fuskarta nake gani.

Idan wadda ba ta kira Yesu Ubangiji ba ta yi haka, mu da muke kiran sunansa fa? Abin kunya ne a ce mutanen Malita sun fi 'ya'yan ikkilisiya saurin hura wuta. Abin kunya ne mu raba taimako a majami'a muna tambaya, wannan ɗan ƙabilarmu ne? Wannan ɗan ɗarikarmu ne? Ibraniyawa 13:2 ta gargaɗe mu kada mu yi sakaci da karɓar baƙi, ta tuna mana cewa akwai waɗanda suka sauki mala'iku ba su sani ba.

Kira

Ga abin da nake roƙon kowane gida ya yi a wannan mako. Baba da Mama, ku zauna da yara ku ambaci mutum ɗaya ko iyali ɗaya a unguwarku da jirginsu ya fashe. Kada ku jira su zo roƙo, mai jin sanyi sau da yawa kunya ke hana shi magana. Ku kai abin da kuke da shi: mudun dawa, doya biyu, tabarma, zane, ko kunya ɗaya a gonarku ya shuka wani abu. 'Yan zumuntar mata, ku duba gwauraye da suka shigo garinku daga wani wuri. Matasan bakin kogi masu tuƙa jirgi, kada ku yi lodi fiye da kima saboda kuɗi, kada ku yi tafiyar dare, in kun ji kuka a ruwa kada ku tsaya tambayar ko na wane ne.

Kai kuma da kake saurarona, wanda kai ne ruwa ya jefar, kana zaune a ɗakin aro ko a makarantar da aka mai da sansani, ka ji wannan. Fashewar jirgi ba ƙarshen tafiya ba ce. Allah ya riga ya gaya wa Bulus cewa zai tsaya a gaban Kaisar, ya kuwa isa Roma. Crowther ya rasa jirgi, ya sami harshe. Ka tashi ka tara itace tare da masu gida, ka gaishe su, ka koyi maganarsu, ka yi wa marasa lafiyarsu addu'a. Mai yiwuwa saboda su ne Allah ya bar ruwa ya kawo ka nan.

A ƙarshe, dukanmu mun taɓa zama cikin ruwa. Zunubi ya farfasa jirginmu, ba wanda ya isa ya yi iyo ya kai gaɓa da ƙarfinsa. Yesu Almasihu ne ya shigo ruwan ya tsamo mu ta wurin mutuwarsa da tashinsa. Bayan tashinsa ma, Yahaya sura 21 ta nuna shi a bakin tekun Galili da sassafe, ya hura garwashi, ya shirya kifi da gurasa domin almajiransa da suka kwana suna wahala a banza, har da Bitrus da ya yi musun saninsa. Idan ba ka taɓa matsowa kusa da wannan wuta ba, yau ƙofa a buɗe take. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai ya yi addu'a tare da kai.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin ka tsamo mu sa'ad da muke nutsewa. Mun gode domin mutanen da ka ajiye a hanyarmu, waɗanda suka ciyar da mu ba su san mu ba. Ka sāka musu, ka bayyana musu Ɗanka. Ka gafarta mana ranakun da muka rufe ƙofa saboda tsoro ko ƙabilanci. Ka ta'azantar da waɗanda suka rasa gida da gona da 'yan'uwa. Ka kiyaye masu tafiya a kan Binuwai da Kwara. Ka ba ƙasarmu salama. Ka sa wuta ta kasance a kowane gidan mai bi domin baƙo. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Waɗanne dalilai ne za su iya hana mutanen Malita taimakon waɗanda jirginsu ya fashe? Waɗanne ne a cikinsu ke hana mu yau?

2. Wane ne ya taɓa taimakon iyalinmu a lokacin wahala? Iyaye su ba yara labarin, a yi wa mutumin addu'a.

3. Me Bulus ya yi da ya sauka a tsibirin, me wannan ke koya wa wanda yake zaman baƙunci?

4. Wa za mu kai wa taimako kafin Lahadi mai zuwa, me kuma za mu kai?

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Ubangiji Yesu ya kasance tare da ku duka.